Sau biyu Oga yana dawo mini da rahotona, ku duba mini inda na kuskure

Abdulhadi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema, kuma da gaggawa. Ni sitokifa ne a wani kamfani da ke sayen riɗi a kasuwar Dawanau yana fitarwa waje. Daren Talatar makon jiya an yi ruwa da iska, kwano ɗaya ya ɗage a rufin sito, ruwa ya sauka kan kaya. Da muka zo warewa da safe kuma sai lissafin buhuna ya ƙi cika. Manajanmu na Legas ya ce in rubuta rahoto da Turanci, shi zai tura wa kamfanin inshora da kuma mai sayen kayan a ƙasar waje. Kwana biyu ina fama, na cika shafi huɗu. Ya dawo mini da shi da tambaya uku: buhu nawa, yaushe, wa ya ƙirga? Na ƙara bayani na mayar, ya sake dawowa. Ga yadda na buɗe shi: "Sequel to the unfortunate and devastating rainfall which wreaked havoc on our esteemed warehouse, I humbly wish to bring to your kind notice that a lot of bags were seriously damaged while some were carted away by unscrupulous elements." Don Allah masu ilimi, Turancin ne bai kai ba?

Sadiq:
Yaya, zuba shi a ChatGPT kawai, minti ɗaya zai gyara maka.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Sadiq ɗan dakata tukuna. Abdulhadi ƙanina, aikina binciken kuɗi ne, irin wannan takarda kullum tana kan teburina. Turancinka ba shi da laifi, yawa ma ya yi. Jimlar nan kalma kusan arba'in ce, babu lamba ko ɗaya a cikinta, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya ga abin. Ajiye Turancin gefe. Ka ɗauka mahaifinka ne mai kayan, ya tsare ka a zaure ya ce faɗa mini abin da ya faru. Amsa mini da Hausa a nan.

Abdulhadi:
To Hajiya. A littafin sito buhu 1,200 ne, mota huɗu suka kawo, kowace 300. Kowane buhu kilo 50. Da safe ni da yara biyu muka ƙirga, muka samu 1,188. A cikinsu 86 sun jiƙe. Na ɗibi samfur daga buhu goma cikin jiƙaƙƙun na sa a na'urar gwada danshi, ta nuna tsakanin kashi 10 da 12 cikin ɗari, yarjejeniyarmu da mai saye kuwa ta ce kada ya wuce 6. Maigadi ya ce mini yana zaton direban da ya zo ɗaukar buhunan da babu kaya a ciki ranar Litinin ne ya haɗa da sha biyun.

Hajiya Rabi:
Ka ga rahotonka ke nan, ka gama shi a layi shida. Duk tambayoyin Oga uku ka amsa. Me ya hana ka rubuta haka tun farko?

Abdulhadi:
Wallahi gani na yi kamar ya yi sauƙi da yawa, kada a ce ban yi karatu ba.

Malam Tijjani:
Wannan amsar ita ce ciwon da nake gani a ɗalibaina duk shekara. Turancin sadarwa nake koyarwa a wata kwalejin fasaha. Yaro ya taso da tunanin cewa rubutu mai kyau shi ne wanda sai an buɗe ƙamus, saboda a insha'in sakandare ana yaba wa mai manyan kalmomi. Rahoton aiki kuwa wata dabba ce daban. Mai karanta shi hukunci zai yanke: a biya ko kada a biya, a karɓi kaya ko a mayar, a gyara rufi yau ko a bari sai rani. Duk kalmar da ba ta taimake shi wajen yanke wannan hukunci ba, nauyi ka ɗora masa. Kafin in ci gaba ma, daren Talata wanne kake nufi? Litinin da dare wayewar Talata, ko Talata da dare wayewar Laraba? Ka san a lissafinmu dare ne ke riga yini, daren Juma'a a wurinmu Alhamis da dare ne.

Abdulhadi:
Talata da dare wayewar Laraba, Malam. 5 ga Agusta. Ranar 6 muka ƙirga.

Malam Tijjani:
To haka za ka rubuta, da sunan watan a cike: 5 August 2025. Kada ka sa 5/8/2025. Mu da Ingila rana muke farawa da ita, Amurka wata suke farawa da shi, mutumin can zai karanta 8 ga Mayu. Japan, waɗanda suna cikin manyan masu sayen riɗinmu, da shekara suke farawa. Idan ɗan inshora ya ga kamar wata uku ke nan da faruwar abin ba ku sanar ba, ka buɗe ƙofar gardamar da ba ka shirya mata ba.

Baba Garba:
Ku yi haƙuri in sa baki. Shekara talatin da biyar na yi a aikin gwamnati, har na kai darakta kafin ritaya. Ban yarda a zubar da ladabi gaba ɗaya ba. Mu haka aka koya mana, ƙaramin ma'aikaci ba ya faɗa wa na sama da shi da magana kamar an jefa dutse. "I am directed to" da "for your kind consideration" ba ado ba ne kawai, suna nuna ka san matsayinka, kuma ba da ra'ayin kanka kake magana ba. Yaran yanzu sai su turo maka saƙo ko sallama babu. Wannan yaron tarbiyyarsa ce ta fito a takarda, kada ku sa ya ji kunyarta.

Malam Tijjani:
Allah ya ƙara girma Baba. Ba ladabi nake so a cire ba, wurin zamansa nake so a sauya. Gaisuwa da girmamawa su zauna a imel ɗin da ke rakiyar rahoton, layi biyu sun wadatar. Shi rahoton kansa zai bi hannu da yawa, zai je wurin mutanen da ba su san Abdulhadi ba, ba su san Ogansa ba. Kuma Baba, Turawan da suka bar mana wannan salon su da kansu sun daɗe suna yaƙi da shi. Ranar 9 ga Agusta 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, jiragen Jamus na kai hari, Firaminista Churchill ya zauna ya rubuta wa majalisar yaƙinsa takarda a kan gajarta rahotanni. Ya nemi a jera muhimman batutuwa cikin gajerun sakin layi, dogon lissafi a kai shi rataye, a daina jimlolin ofis masu kewaye-kewaye. A 1979 aka kafa ƙungiyar fafutikar sauƙaƙa Turancin hukuma a Ingila, Chrissie Maher ce ta jagorance ta, har suka yayyaga takardun gwamnati a dandalin majalisa a Landan. Amurka kuma a 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a da harshen da za su gane. Mu ne muka riƙe tsohuwar rigar muna ta goge ta.

Baba Garba:
Na ji wannan, kuma zancen raba wasiƙa da rahoto ya shige ni. Amma wasiƙar rakiyar nan a yi ta da mutunci.

Barista Nafisa:
Ni ba tsawon jimlar ne ya tsorata ni ba, ƙarshenta ne. Abdulhadi, ka rubuta cewa wasu marasa gaskiya sun kwashe kaya. Ka gan su?

Abdulhadi:
A'a Barista. Maigadi ne ya faɗa mini.

Barista Nafisa:
Shi ya gani?

Abdulhadi:
Cewa ya yi yana zato.

Barista Nafisa:
To duba tafiyar maganar. Maigadi ya yi zato, kai ka ji, da ta iso takarda ta zama tabbas, ka sa hannu a ƙasa. Gobe idan aka kama direban nan, takardarka za a ɗaga. Ɓata suna laifi ne a kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a Arewa, ban da ƙarar neman diyya. Abin da ka sani shi ne littafi ya ce 1,200, ƙirga ta ce 1,188, bambanci 12. Iyakar ganinka ke nan. Kalmar da ta dace ita ce "shortfall" ko "unaccounted for", wato gibi, ko abin da ba a gano inda ya shiga ba. "Stolen" hukunci ne, ba kai ke yanke shi ba.

Hajiya Rabi:
Nan ne zuciyar maganar, bari in ɗan tsaya a kai. Duk wanda ya zo koyon aiki a ƙarƙashina, abu na farko da nake sa shi shi ne ya ɗauki biro kala uku ya bi rahotonsa jimla bayan jimla. Kala ɗaya ga abin da ya gani ko ya auna da hannunsa. Kala ta biyu ga abin da wani ya faɗa masa. Ta uku ga abin da yake tsammani. Jimlar da ta ƙi karɓar kala ɗaya, to biyu ce aka cakuɗa, a raba ta. Abin da ke ba ni mamaki, da Hausa ba ma yin wannan kuskuren. Ko yaro ya san bambancin "na gani da idona" da "an ce" da "wai" da "ina jin". A gaban mai unguwa tambayar farko ita ce kai ganau ne ko jiyau. Sai mun ɗauki Turanci duk wannan taka-tsantsan ya zube, saboda hankalinmu ya koma kan neman kalma mai nauyi. Alhali Turancin yana da mazubi ga kowanne. Na ganau: "I counted", "I measured", "the meter showed". Na jiyau: "the guard stated that", "according to the waybill". Na zato: "it appears", "this suggests", "probably".

Malam Tijjani:
Ƙari a kan na Hajiya, ko a cikin kalmomin jiyau akwai masu ɗauke da hukunci a ɓoye. "Said" da "stated" ba su da ɓangare. "Claimed" kamar "wai" ɗinmu ce, tana nuna ba ka gaskata mai maganar ba. "Admitted" kuwa ta riga ta ɗora masa laifi, don ba a amsa abin da ba laifi ba. Mutum zai zaɓi "claimed" don ta fi daɗi a kunne, bai san ya ƙaryata maigadinsa ba.

Ustaz Kabiru:
Ma sha Allah. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, amma ina karantawa sai isnadi ya faɗo mini a rai. Malaman hadisi sun bambanta "na ji" da "ya ba mu labari" da "daga wane", kowace da darajarta, kuma ba sa karɓar magana sai an san wa ya ɗauko ta daga wa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umarni ce da a bincika labari kafin a cutar da mutane a kan rashin sani. Tarbiyyar muna da ita a gida.

Mariama:
Sallama daga Maraɗi. Ni a wata ƙungiyar agaji nake, rahotanninmu da Faransanci muke fara su, sannan mu juya su Turanci saboda masu ba da kuɗi. Ku yi hattara da lambobi ƙwarai. A Faransanci waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, ɗaya da rabi 1,5 muke rubutawa. A Turanci 1.5 ne, waƙafi kuma na dubbai ne. Na taɓa barin 2,750 a jadawali ina nufin tan biyu da kashi uku cikin huɗu, wadda ta karanta a can ta ɗauka tan dubu biyu da ɗari bakwai da hamsin muka raba a ƙauye ɗaya. Sai da aka yi taro a kai. Ga kuma lissafin bakinmu: dala a nan sefa biyar ce, jikka sefa dubu. Ɗan kasuwa ya ce maka dubu, yana iya nufin dala dubu, wato sefa 5,000. Idan ban tambaya ba na rubuta abin da kunnena ya ji, na rage kuɗin har ninki biyar.

Usmanu Tema:
Gaskiya ne Yaya Mariama. Ni fiton kaya nake a tashar jirgin ruwa ta Tema a nan Gana. Abdulhadi, kalmar "bag" ita kaɗai ba awo ba ce. Akwai buhun kilo 25, akwai na 50, akwai na 100, a kasuwa ma akwai wanda ake cikawa har sai an ɗinka masa hula. Ka ce buhu 86 masu kilo 50, jimla kilo 4,300. Idan za ka ce tan, ka ce "metric tonnes", don tan ɗin Amurka bai kai namu ba, nasu wajen kilo 907 ne, namu 1,000. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan yana karantawa da ma'aunin mita. Kuma ka cire "seriously damaged". Mai saye a waje lamba yake so. Tarayyar Turai da ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, ba don wani ya ce waken ba kyau ba ne, awo aka yi aka ga ragowar maganin ƙwari ya zarce iyakar da suka gindaya. Kai ma awonka ka ba su: danshi 10 zuwa 12, iyaka 6, samfur daga buhu goma. Ka faɗi cewa goma ka gwada, kada a ɗauka duk 86 ɗin ne.

Hajiya Rabi:
Idan za ka sa kaso, 86 cikin 1,188 kashi 7.2 ne cikin ɗari, ka nuna daga ina ka ciro shi. A nan ma mutane na zamewa. Lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, na ga rahotanni da yawa sun ce ya ƙaru da kashi 2.5 cikin ɗari. Maki 2.5 ya ƙaru, "percentage points", amma abin da kake biya ya ƙaru da rabi ne cur. In kuma ka juya asarar zuwa dala, sa farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranarsa. Tun da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, lambar da ba ta da rana ba ta da amfani.

Sadiq:
Duk na ji, amma har yanzu ban ga laifin shawarata ba. Ni da na'urar nake rubuta na wurin aikinmu, ba a taɓa dawo mini da shi ba.

Malam Tijjani:
Ba haramun ba ne Sadiq, ni ma nakan ba ta rubutu ta duba mini nahawu. Sai dai ba ta je sito ba. Da Abdulhadi ya ba ta jimlarsa ta farko, za ta goge ta ta yi sumul, zargin satar yana nan a ciki, ya ma fi kama da gaskiya. Wani lokaci kuma takan cike gurbi da abin da ba ka faɗa mata ba. Ka tara hujjojinka tukuna, ka rubuta, sannan ta duba, kai kuma ka bi kowace lamba da ido. Kuma ka tambayi kamfaninku ko sun yarda a zuba sunan abokan ciniki da farashi a irin waɗannan wurare.

Sadiq:
Wannan na ƙarshen ban taɓa tunaninsa ba, zan tambaya.

Abdulhadi:
Na gode ƙwarai. To tsarin fa? Ni daga tarihin yadda muka sayo kayan na fara.

Hajiya Rabi:
Juya shi. Abin da Oga zai tambaya da a waya kuke, shi ne sakin layi na farko: me ya faru, nawa ne, me kake so a yi. Sannan yadda ka bincika, wa da wa, da wace na'ura. Sannan abin da ka gano, da ɗan jadawali. Sannan abin da ba a sani ba tukuna, ka ba shi kansa, kada ka ji nauyinsa. Shawarwari a ƙarshe, kowace da mai yi da ranar gamawa. Hotuna, webil (takardar da ke rakiyar kaya a mota) da shafin littafin sito su tafi rataye da lamba. Abin da ya faru a rubuta shi da lokacin da ya wuce, halin da ake ciki da na yanzu. Shafi ɗaya da rabi ya isa. Amma kafin ka rubuta komai a kan sha biyun nan, koma ka haɗa takardu uku: webil na kowace mota, littafin sito, da takardar biyan 'yan dako ta ranar sauke kaya. 'Yan dako a kan buhu ake biyansu, ba sa yarda a rage musu ko ɗaya.

Abdulhadi:
Zan duba da safe in sha Allah.

Abdulhadi:
Jama'a barkanmu da safiya. Na duba, kuma jikina ya yi sanyi. Mota uku na farko komai ya yi daidai, 300 a ko'ina. Ta huɗu webil ya ce 300, littafin sito 300, amma takardar 'yan dako 288 aka biya. Na tuna ranar, magariba ta yi, hadari ya haɗo, direba na sauri, sai na sa hannu a webil ban tsaya an gama ƙirga ba, na kwafe lambar cikin littafi. Yaron da ya biya 'yan dako bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ga alama sha biyun nan ba su taɓa shiga sito ba. Kuma saura kaɗan in jefa wani bawan Allah cikin bala'i. Yanzu yaya zan rubuta wannan?

Usmanu Tema:
Ɗan'uwa, zan faɗa maka abin da na gani a rayuwa, ba abin da ke cikin littafi ba. Ka yi a hankali. Akwai kamfanonin da ba sa neman gaskiya, wanda za a ɗora wa suke nema. Kilo 600 na riɗi ba ƙaramin kuɗi ba ne, za a iya cirewa daga albashinka ko a sallame ka, kana da iyali. Turanci yana da hanya: "The waybill was signed before offloading was completed." An sa hannu. Ba ƙarya ka yi ba, ba ka kuma miƙa wuyanka ba.

Malam Tijjani:
Wannan siga daidai take da "an" ɗinmu, an fasa tulu, an bar ƙofa a buɗe. Tana da wurinta, idan mai aikin ba shi da muhimmanci. "The wet bags were moved" ba wanda zai tambayi wa ya ɗauke su. Amma a nan mai aikin shi ne labarin. Tambayar Oga ta uku fa, wa ya ƙirga?

Barista Nafisa:
Usmanu, na san tausayi ne ya sa ka faɗa, kuma tsoron da kake ji ba na banza ba ne. Sai dai webil ɗin yana rataye, sa hannun Abdulhadi na kai. Mai karatu zai buɗe ya gani cikin minti ɗaya, daga nan kuma zai fara shakkar 86 ɗin ma. Ga inshora: ginshiƙinta shi ne kowane ɓangare ya bayyana gaskiyar abin da ya sani, idan aka cusa sha biyun nan cikin asarar ruwa ko ta sata alhali an san akwai wannan takarda, ana iya rasa diyyar gaba ɗaya. Abdulhadi, raba su gida biyu. Ɓarnar ruwa daban, gibin ƙirga daban. Kuma ko yanzu kada ka yi tsalle zuwa sabon zargi. Ba ka san ko a wurin lodi aka rage ba, ko a hanya, ko yaron ne ya yi kuskuren biya. Takardu biyu sun ce 300, ɗaya ta ce 288, ƙirgar ranar 6 ga Agusta ta dace da 288. Nan ka tsaya.

Usmanu Tema:
Ban ƙi ba Barista. Amma ku da kuke ba shi shawara, in aka kore shi ba ku za ku ciyar da gidansa ba. Wannan kawai nake so a tuna.

Baba Garba:
Usmanu ya ɗago maganar da ta kamata, bari tsoho ya amsa. Ɗana Abdulhadi, jiya na kare ladabi, yau zan gaya maka inda ladabi ya tsaya. Ina ƙaramin jami'i na taɓa rubuta rahoton kayan da suka ɓace a ma'aikatarmu, na lulluɓe shi da irin wannan "an yi, an bari", don kada sunana da na maigidana su fito. Kwamiti ya zauna, ba a ga mai laifi a takarda ba, sai aka sauke abin a kan masinja, mutumin da ko karanta rahoton ba ya iyawa. An dakatar da shi wata shida ba albashi. Ya rasu da daɗewa, ban taɓa neman gafararsa ba, har yau abin yana raina. Idan ka bar gurbin mai aiki babu kowa, ba a barinsa haka, da mafi rauni ake cike shi, a wurinku kuwa maigadi ne ko direba. Ban ce ba za ka sha wuya ba, mai yiwuwa a ba ka takardar tuhuma ko a yanki albashi. Ka rubuta da sunanka. Amma ka kira Oganka a waya kafin takardar ta isa, ya ji daga bakinka, ka ba shi haƙuri a can. A cikin rahoto ba a roƙo, ba a kuka.

Usmanu Tema:
Allah ya jiƙansa, Baba. Na janye. Abdulhadi, ka dai ajiye kwafin takardar 'yan dakon nan a wurinka, ka ɗauke ta hoto yau.

Abdulhadi:
Amin. Na kira Oga, ya yi faɗa sosai, daga baya ya ce in turo. Ga sabon farkon: "On the night of 5 August 2025, rain entered the store through a displaced roofing sheet. On 6 August I counted 1,188 bags of 50 kg against 1,200 in the stock book. Of these, 86 bags, or 4,300 kg, were wet." A sashen gibi kuma na sa: "I signed the fourth waybill for 300 bags before the count was completed. The labourers' pay sheet for that truck shows 288. The cause of the difference has not been established." Maganar maigadi fa, in sa ta ko in cire?

Barista Nafisa:
Sa ta a layi ɗaya, cewa ya bayyana zato, bai ga an ɗauka ba, kuma ba ka sami abin da ya goyi bayan zaton ba. Sunan direban kada ya shiga.

Hajiya Rabi:
Ya yi. Ƙara awon danshi a sakin layin farko, da abin da kake nema: izinin gyara rufi da shanya buhu 86 ɗin kafin su yi funfuna, ka sa rana. A shawarwari ka rubuta cewa daga yau ba a sa hannu a webil sai an haɗa shi da ƙirgar 'yan dako. Ka mayar da shi PDF kafin ka tura, don kada lambobi su motsa.

Mariama:
Hotunan ma ka rubuta ranar da aka ɗauki kowanne a ƙarƙashinsa.

Abdulhadi:
Na yi duka. Shafi ɗaya da rabi, rataye biyar. Na tura ƙarfe 4:10 na yamma. Oga ya amsa cewa a kira mai gyaran kwano gobe, maganar sha biyun kuma za su tuntuɓi wurin lodi, ni ma in shirya amsa tambayoyi ranar Alhamis. Yanzu zan je in nemo tamfol, hadari ya sake haɗowa ta gabas.